Ƙwayoyin Tushe, Garkuwar Jiki da Sarrafa Ƙwayoyin Gado: Tambayoyi da Amsoshi ga Iyalan Masu Amosanin Jini

Tun daga ƙarshen shekarar 2023, lokacin da hukumomin magunguna na Birtaniya da Amurka suka amince da maganin farko na amosanin jini da aka haɗa ta hanyar gyaran ƙwayoyin gado, iyaye da masu fama da wannan ciwo, wanda aka fi sani da sikila, ke ta maimaita wasu tambayoyi a gaban likitoci. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da shi duk shekara, saboda haka binciken ya shafe mu kai tsaye ko da yake mafi yawansa a nesa ake yin sa. An jera tambayoyin daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, kuma bayanin ba ya maye gurbin ganin likitan jini.

1. Mece ce ƙwayar tushe, kuma a ina take a jikin mutum?

Mafi yawan ƙwayoyin halittar da ke jikin mutum sun riga sun ƙware a kan aiki guda, kamar ta tsoka ko ta hanta ko ta fata. Ƙwayar tushe ita ce wadda ba ta ƙware ba tukuna, kuma tana da halaye biyu: tana iya rabuwa ta sabunta kanta, tana kuma iya haifar da ƙwayoyi masu ƙwarewa. Wadda ta fi shafar masu sikila ita ce ta jini, wadda ke zaune a cikin ɓargon ƙashi, musamman na ƙugu da ƙirji da gadon baya. Daga gare ta ake samun jajayen ƙwayoyin jini, da farare masu yaƙi da cuta, da waɗanda ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. James Till da Ernest McCulloch ne suka fara nuna samuwarta a Toronto cikin 1961, ta hanyar dasa ɓargo a jikin ɓerayen da aka lalata wa nasu ɓargon.

Jar ƙwayar jini mai lafiya tana rayuwa kwana 120 ko kusa da haka, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 kawai take yi. Wannan ne ya sa ƙarin jini taimako ne na ɗan lokaci, domin ɓargon da ke ƙera ƙwayoyin masu lanƙwasa yana nan yana aikinsa. Duk wata hanyar warkewa ta dindindin dole ta taɓa ƙwayar tushen.

2. Shin duk ƙwayoyin tushe iri ɗaya ne?

A'a. Akwai na jikin wanda aka riga aka haifa, irin na ɓargo da na jinin cibiya, waɗanda iyakarsu su haifar da ƙwayoyin sashen da suke ciki. Akwai na tayi ɗan kwana biyar ko shida, waɗanda ke iya zama kowace irin ƙwaya ta jiki. An fara raino irin na ɗan Adam a ɗakin gwaji a 1998, a hannun James Thomson na Jami'ar Wisconsin. Na uku su ne waɗanda aka mayar baya: a 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kiyoto ya nuna cewa idan aka kunna ƙwayoyin gado huɗu kacal a cikin ƙwayar fatar ɓera, sai ta manta ƙwarewarta ta koma kamar ta tayi. A 2007 aka yi haka da ƙwayar mutum, a 2012 kuma ya raba lambar yabo ta Nobel da John Gurdon.

Duk maganin sikila na ƙwayoyin tushe da ake yi wa mutane a yau da iri na farko ake yin sa. Babu tayi a ciki. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga tambaya ta 15 da ta 16.

3. Idan saƙon gado ɗaya ne a duk jiki, me ya sa ƙwayar ido ta bambanta da ta jini?

Wannan ita ce tambayar da fannin sarrafa ƙwayoyin gado ke ƙoƙarin amsawa. Kusan kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da DNA iri ɗaya, wato zaren da saƙon gado ke rubuce a kansa, mai haruffa kusan biliyan 3, da ƙwayoyin gado kusan 20,000 masu ba da umarnin ƙera furotin. Bambancin yana cikin waɗanda aka kunna da waɗanda aka kashe. Sassan da ke ƙera furotin ba su kai kashi 2 cikin 100 na DNA ba, kuma a cikin ragowar akwai wurare masu yawa da aikinsu shi ne faɗa wa ƙwayar gado lokacin da za ta yi aiki, da wurin, da kuma yawan abin da za ta fitar. François Jacob da Jacques Monod ne suka fara bayyana irin wannan tsari a Faris cikin 1961, a jikin bakteriya.

Sarrafawar tana faruwa ta hanyoyi da dama. Wasu furotin suna maƙalewa a kan DNA su kunna ko su danne ƙwayar gado. Wasu alamomin sinadari suna zama a kan DNA su rufe wani yanki ba tare da sun canza haruffansa ba. Akwai kuma gajerun zaren RNA, wani sinadari mai kama da DNA, da ke tare saƙon ƙwayar gado bayan ya fito, waɗanda Victor Ambros da Gary Ruvkun suka gano a jikin wata 'yar tsutsa, aka ba su Nobel a 2024.

4. Me ya sa jaririn da aka haifa da sikila ba ya nuna alama sai bayan wata biyar ko shida?

Iyaye da yawa sun lura da haka, kuma a nan ne mabuɗin sabon maganin yake. Sikila tana samuwa ne daga canjin harafi ɗaya a ƙwayar gadon da ke ƙera wani ɓangare na himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini. Amma himogulobin ɗin da ɗan tayi ke amfani da shi a cikin mahaifa daban ne, wasu ƙwayoyin gado ne na daban ke ƙera shi, kuma canjin sikila bai taɓa su ba. Bayan haihuwa jiki yana kashe na tayi a hankali ya kunna na manya, to a lokacin ne kumburin hannu da ƙafa da ƙarancin jini ke fara bayyana. Wata likitar yara a New York, Janet Watson, ta kawo wannan bayani tun 1948.

Himogulobin na tayi yana hana na sikila harɗewa ya zama dogayen sanduna da ke lanƙwasa ƙwayar jini. An ga shaidar haka a jikin mutane: masu SS a gabashin Saudiyya da wasu sassan Indiya suna riƙe da shi da yawa har girma, kuma ciwonsu yakan fi sauƙi. Akwai ma waɗanda suka gaji sikila tare da wani canji da ke hana kashe na tayin, su rayu kusan ba tare da tashin ciwo ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa za a ga 'yan gida ɗaya biyu masu SS, ɗaya kullum yana asibiti, ɗayan kuwa sai jefi-jefi.

5. Mene ne ke kashe himogulobin na tayi?

An daɗe ana neman amsar. A 2007 da 2008 bincike a kan DNA na dubban mutane, a Landan ƙarƙashin Swee Lay Thein da kuma a tsibirin Sardiniya na Italiya, ya nuna yatsa ga wata ƙwayar gado mai suna BCL11A, wadda a da ba wanda ya alaƙanta ta da jajayen ƙwayoyin jini. A 2008 Vijay Sankaran da Stuart Orkin a Bostan suka tabbatar cewa furotin ɗinta ne ke danne himogulobin na tayi, a 2011 kuma aka nuna cewa cire ta daga jajayen ƙwayoyin ɓeraye masu sikila yana gyara ciwon.

Sai dai akwai matsala. Jiki yana buƙatar BCL11A a wasu wurare: fararen ƙwayoyin jini da ke ƙera sinadaran kariya ba sa tasowa sai da ita, ƙwaƙwalwa ma tana buƙatarta, haka ita kanta ƙwayar tushen. Lalata ta gaba ɗaya tamkar yanke wutar gida duka ne domin a kashe fitilar ɗaki ɗaya. A 2013 Daniel Bauer da abokan aikinsa suka gano makunnin wannan ɗakin, wato wani ɗan yanki na DNA da ke kunna BCL11A a cikin jajayen ƙwayoyin jini kaɗai, a 2015 kuma aka gano daidai haruffan da suka fi muhimmanci a cikinsa. Wannan wuri ne maganin da ke tambaya ta 11 yake yanka.

6. Mece ce alaƙar sikila da raunin garkuwar jiki?

Saifa ce ke tace wasu bakteriya daga jini, musamman mai haddasa namoniya da sanƙarau. Ƙwayoyin sikila suna toshe ƙananan jijiyoyinta tun a shekarar farko, kuma a wurin yara da yawa kafin su kai shekara biyar ta daina aiki. Shi ya sa zazzaɓi a jikin yaro mai SS lamari ne na gaggawa. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 1986 ya nuna cewa shan fenisilin kullum ya rage mummunar kamuwa da wannan bakteriya da kashi 84 cikin 100, kuma allurar riga-kafinta tana cikin jadawalin riga-kafin yara a Najeriya.

Game da zazzaɓin cizon sauro, mai AS yana da kariya daga mai tsanani, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka a 1954, kuma wannan ne ya sa ƙwayar gadon ta yaɗu a ƙasashenmu. Mai SS kuwa zazzaɓin yana iya zama masa ajali, don haka gidan sauro da maganin kariya wajibi ne a gare shi.

7. Da gaske dashen ɓargo yana warkar da sikila? Wa zai iya bayarwa?

Yana warkarwa. An fara ganin haka a 1984 a Memfis ta Amurka, inda aka yi wa wata yarinya 'yar shekara takwas dashe saboda sankarar jini, sai aka tarar sikilarta ma ta tafi. A yau, idan mai bayarwa shaƙiƙi ne da ya dace sosai kuma mai karɓa yaro ne, sama da kashi 90 cikin 100 suna rayuwa ba tare da ciwon ba, kuma sakamakon ya fi kyau idan an yi kafin gaɓoɓi su lalace. Ba tiyatar ƙashi ake yi wa mai karɓa ba. Ana ba shi magunguna masu ƙarfi su share ɓargonsa, sannan a saka masa sabbin ƙwayoyin ta jijiya kamar ƙarin jini, su da kansu su nemi hanyar ɓargo. Mai bayarwa ana zuƙo masa ɓargon daga ƙashin ƙugu bayan an sa shi barci, kuma jikinsa yana mayar da abin da aka ɗiba cikin 'yan makonni.

Dacewar da ake nufi ba ta rukunin jini ba ce. Wasu alamomi ne da ake kira HLA, waɗanda ke kan fuskar ƙwayoyin jiki, kuma da su garkuwa ke rarrabe na gida da baƙo. Mutum yana gadon dunƙule ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, saboda haka kowane ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya yana da damar ɗaya cikin huɗu ta dacewa gaba ɗaya. A gidajenmu masu mata fiye da ɗaya wannan yana da muhimmanci: ɗan uba yawanci iyakarsa ya dace da rabi, komai yawan 'yan uban, sai fa inda auren zumunci ya sa iyaye matan suke da gado ɗaya. Mai AS yana iya bayarwa. Duk da haka, waɗanda ke samun shaƙiƙi mai dacewa wanda shi kansa ba SS ba ne ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Sauran su duba tambaya ta 9.

8. Mene ne haɗarin dashen ta fuskar garkuwar jiki?

Faɗan yana iya tasowa ta ɓangare biyu. Ragowar garkuwar mai karɓa tana iya ƙin sabon ɓargon, sikila ta dawo, kuma wannan ya fi faruwa ga wanda aka yi wa ƙarin jini sau da yawa, domin jikinsa ya riga ya saba yaƙar alamomin wasu. Ko kuma fararen ƙwayoyin mai bayarwa su ɗauki jikin mai karɓa a matsayin baƙo su afka wa fata da hanta da hanji. Wannan na biyun yana iya zama mai sauƙi, yana iya zama ciwo na shekaru, yana kuma iya kisa. Domin hana su ake shan magungunan danne garkuwa na watanni, kuma a wannan lokaci ƙaramar cuta ma tana iya zama babba.

Bincike na yanzu yana neman ya koya wa garkuwa haƙuri maimakon a danne ta duka. A 1995 Shimon Sakaguchi ya bayyana wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini da aikinsu shi ne tsawata wa sauran kada su afka wa jikinsu. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano ƙwayar gadon FOXP3, wadda daga baya aka tabbatar ita ce ke ba waɗannan ƙwayoyi halinsu, wato sarrafa ƙwayoyin gado irin ta tambaya ta 3 ce ke ƙera masu tsaron garkuwa. Su ukun aka ba Nobel ta fannin likitanci a 2025, kuma ana gwada ƙara irin waɗannan ƙwayoyi a cikin dashe domin rage wannan faɗa.

9. Idan babu shaƙiƙi mai dacewa fa?

Rumbunan masu bayar da ɓargo na duniya ba su cika taimaka wa 'yan Afirka ba, domin 'yan asalin nahiyar kaɗan ne a cikinsu, alhali alamomin HLA sun fi bambanta a Afirka fiye da ko'ina. Mafitar da ta fi ƙarfi yanzu ita ce dashe daga mai rabin dacewa, wato uwa ko uba ko ɗa ko wani ɗan'uwa. Likitocin Jami'ar Johns Hopkins a Baltimo ta Amurka ne suka samar da dabarar: a rana ta uku da ta huɗu bayan dashe ana ba da maganin saikulofosfamaid, wanda ke kashe fararen ƙwayoyin da suka zabura za su yi faɗa, ya bar ƙwayoyin tushe da masu tsawatarwar da aka ambata a tambaya ta 8. Da farko ƙin dashe ya yi yawa, amma gyaran da aka yi wa tsarin ya inganta sakamakon ƙwarai.

An kuma gano cewa ba lallai sai an maye gurbin ɓargon duka ba. A 2009 Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka ba da rahoton manya goma da aka yi wa dashe da shiri mai sauƙi, tara suka warke. Idan ƙwayoyin mai bayarwa suka kai kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na ɓargon sun isa, saboda jajayen ƙwayoyinsu sun fi na sikila tsawon rai nesa ba kusa ba, kamar yadda aka nuna a tambaya ta 1.

10. Ana yin wannan dashe a Najeriya?

An yi na farko a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Binin, ƙarƙashin Dakta Nosakhare Bazuaye, inda aka yi wa wani yaro dashe daga ɗan'uwansa. A 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya suka fara nasu. Iyalai da dama kuma suna tafiya Indiya. Abin da ya kamata mai shirin tafiya ya tambaya tun kafin ya biya kuɗi shi ne wanda zai kula da mara lafiyar bayan ya dawo gida, domin shekarar farko bayan dashe tana buƙatar gwajin jini a kai a kai, da auna yawan magani a jiki, da likitan da ya san alamun matsalolin tambaya ta 8.

11. Yaya sabon maganin gyaran ƙwayoyin gado yake aiki?

Sunansa Casgevy, na kamfanonin Vertex da CRISPR Therapeutics. Birtaniya ta amince da shi a watan Nuwamba 2023, Amurka a ranar 8 ga Disamba 2023, ga masu shekara 12 zuwa sama da ke yawan samun tashin ciwo. Kayan aikinsa CRISPR ne, wanda asalinsa garkuwar bakteriya ce: da shi suke gane DNA na bairos su datse shi. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna ana iya saita shi ya yanka duk inda ake so, aka ba su Nobel a 2020.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne maganin ba ya gyara harafin sikila ko kaɗan. Ana ɗebo ƙwayoyin tushen mara lafiyar, a yanka makunnin BCL11A na tambaya ta 5, a mayar masa da su. Danniya ta ɗauke, himogulobin na tayi ya dawo ya kai kashi 40 cikin 100 ko fiye. Tun da ƙwayoyin nasa ne, ba a neman mai bayarwa, ba kuma faɗa tsakanin dashe da jiki. Victoria Gray, wata mata daga jihar Misisipi, ita ce mai sikila ta farko da aka yi wa a 2019. A bayanan da hukumar Amurka ta duba, 29 cikin 31 sun yi aƙalla wata 12 a jere ba tare da mummunan tashin ciwo ba.

A rana ɗaya aka amince da wani maganin mai suna Lyfgenia, wanda ke amfani da bairos da aka cire wa dafi ya shigar da ƙwayar gadon himogulobin mai hana lanƙwasa. Yana ɗauke da gargaɗi na musamman, domin an samu sankarar jini a jikin wasu da aka yi wa a farkon gwaji.

12. To me ya hana a yi wa kowa?

Kuɗi da wahala. A lokacin da aka amince da su a 2023, an sa farashin Casgevy a Amurka dala miliyan 2.2, na Lyfgenia dala miliyan 3.1, ban da kuɗin asibiti. Hanyar kuma doguwa ce: watanni na musayar jini, sannan a ba da maganin da ke fito da ƙwayoyin tushe daga ɓargo zuwa jijiya a tace su da na'ura, sau da yawa fiye da zama ɗaya, a aika su masana'anta, a jira watanni. Kafin a mayar da su sai an share ɓargon da busulfan, maganin sankara mai ƙarfi, wanda ke jawo gyambon baki da zubar gashi da makonni huɗu zuwa shida a asibiti ba tare da garkuwar kirki ba.

A ganina illar da ta fi cancantar a faɗa wa iyali ƙarara ita ce rashin haihuwa, domin busulfan yana lalata ƙwan mace da maniyyin namiji, sau da yawa har abada. Inda akwai hali ana adana su kafin a fara. Haka nan maganin ba ya mayar da abin da ya riga ya lalace, kamar ƙashin ƙugun da ya mutu ko ɓarnar shanyewar ɓarin jiki. Saboda sabo ne, an wajabta bin diddigin waɗanda aka yi wa na shekara 15, domin a ga ko yankan ya taɓa wani wurin da ba a nufa ba.

13. Wanda ya warke, 'ya'yansa sun tsira daga gadon sikila?

Ba su tsira ba. Dashe da gyara duka a kan ƙwayoyin jini suke tsayawa, ba sa kaiwa ga ƙwai ko maniyyi. Wanda aka haifa SS zai ba kowane ɗansa ƙwayar S ko da gwajin jininsa bayan dashe ya nuna AA ko AS, don haka idan ya auri mai AS kowane ciki yana da damar rabi da rabi ta zama SS. Wannan abin lura ne a wurare irin Kano, inda dokar 2024 ta wajabta gwajin lafiya kafin aure: takardar gwajin wanda aka yi wa dashe tana nuna jinin mai bayarwa ne, saboda haka wajibi ne ya bayyana tarihinsa.

Gyaran da zai wuce ga zuriya sai an yi shi a kan tayi, kuma ƙasashe da yawa sun haramta shi. He Jiankui, wanda ya sanar a 2018 cewa ya yi wa wasu tagwaye haka a ƙasar Sin, ɗaurin shekara uku aka yanke masa.

14. Akwai abin da wannan ilimi ya samar wanda talaka zai iya samu yau?

Akwai, kuma ya girmi CRISPR da shekaru: haidiroksiyuriya. Ƙwayar magani ce da ake sha kullum, kuma babban aikinta shi ne ɗaga himogulobin na tayi na tambaya ta 4, tare da rage yawan fararen ƙwayoyin da ke taimakawa wajen toshe jijiya. A 1995 aka tsayar da gwajinta a Amurka kafin lokaci saboda ta rage tashin ciwo da kusan rabi. An daɗe ana fargabar ba da ita a Afirka, ana tsoron za ta raunana garkuwa a inda cututtuka suka yi yawa. Wani gwaji a kan yara sama da 600 a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda, wanda aka buga a 2019, ya nuna akasin haka: ciwo da ƙarin jini da mutuwa sun ragu, har zazzaɓin cizon sauro ma ya ragu.

Arewacin Najeriya ya ba da nasa gudummawar. Idan ba a ɗauki mataki ba, kusan ɗaya cikin goma na masu SS suna samun shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 20, kuma a ƙasashe masu arziki ƙarin jini na wata-wata ake yi wa waɗanda gwajin gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa ya nuna suna cikin haɗari. Likitoci a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, tare da Jami'ar Vanderbilt, sun gwada haidiroksiyuriya a madadin haka a kan yara 220, kuma sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna cewa ko ƙaramin awo yana ba da kariya. Ba ta warkarwa, tana buƙatar gwajin jini lokaci-lokaci, kuma mai shirin ɗaukar ciki sai ta tuntuɓi likita. Duk da haka, yawan yaran da ba sa samunta a garuruwanmu ya fi damuna fiye da tsadar Casgevy.

15. Garin magani da ake tallatawa da sunan ƙwayoyin tushe fa?

Ƙwayar tushe abu ne mai rai, ba ta zama a cikin gari ko shayi ko ƙwayar haɗiya, kuma da za a haɗiye ta ciki zai narkar da ita kamar kowane abinci. Abin da ake sayarwa ta hanyar kasuwancin jawo-wani, ana cewa daga tuffa ko inabi aka samo shi, ba ya iya zama jinin mutum, kuma babu shaidar yana warkar da sikila ko ciwon suga ko shanyewar jiki. Allurar da wasu asibitocin kuɗi ke yi ma tana da haɗari: a 2017 likitoci suka ba da rahoton mata uku a Fulorida da suka rasa gani bayan an yi musu allurar ƙwayoyin kitsensu a ido. Alamar yaudara ita ce magani ɗaya ga cututtuka barkatai, da shaidar baki maimakon sakamakon gwaji.

16. Me malaman addini suka ce?

Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta tattauna batun a Makka a 2003, ta halatta amfani da ƙwayoyin tushe domin magani da bincike idan tushensu halal ne, kamar baligi da izininsa, ko yaro da izinin waliyyinsa ba tare da cutarwa ba, ko mabiyiya da cibiya. Ta haramta idan an zubar da ciki da gangan domin samun su. Cocin Katolika yana adawa da lalata tayi domin bincike, amma yana goyon bayan amfani da na manya da na cibiya. Kamar yadda aka ce a tambaya ta 2, dashen ɓargo da Casgevy duka daga jikin wanda aka riga aka haifa ake ɗibar su.

17. Ina binciken ya dosa yanzu?

Hanya ta farko ita ce kawar da busulfan. Ana gwada sinadaran kariya da aka ƙera su nemi wata alama mai suna CD117 a kan ƙwayar tushen jini, su share ta ita kaɗai su bar ƙwai da maniyyi. Ta biyu ita ce gyara ba tare da datse DNA ba: a 2016 ɗakin binciken David Liu a Harvard ya samar da hanyar sauya harafi ɗaya a wurinsa, kuma ana gwada ta a kan masu sikila, inda ake sauya wurin da BCL11A ke maƙalewa domin ta rasa madafa. Ta uku, wadda ta fi muhimmanci ga Afirka, ita ce a yi gyaran a cikin jiki da allura, ba tare da an fitar da ƙwayoyin ba. A 2019 Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka da Gidauniyar Gates suka yi alkawarin dala miliyan 100 kowannensu domin irin wannan magani ga sikila da cuta mai karya garkuwar jiki. A 2025 aka yi wa wani jariri a Filadelfiya gyara a cikin jiki saboda wani ciwon gado na hanta. Hanta tana da sauƙin kaiwa domin ita ke tsotse ɗigon kitsen da ake naɗe maganin a ciki, ƙwayoyin tushen ɓargo kuwa kaɗan ne kuma mafi yawan lokaci a kwance suke, shi ya sa nasu ya fi wuya.

Akwai kuma neman wasu wuraren sarrafawa ban da BCL11A. Binciken farko ya fi dogara ga DNA na Turawa da na baƙaƙen Amurka, kuma wuraren da aka sani ba su bayyana duk bambancin himogulobin na tayi da ake gani tsakanin 'yan Afirka ba. Julie Makani a Darussalam ta Tanzaniya, da Obiageli Nnodu a Jami'ar Abuja, da Ambroise Wonkam ɗan Kamaru suna cikin masu tattara bayanan dubban masu sikila na nahiyar, kuma a 2025 ƙungiyar Wonkam ta ba da rahoton wata ƙwayar gado mai suna FLT1 da ke da alaƙa da yawan himogulobin na tayi a jikin masu sikila na Kamaru da Tanzaniya.